Rediyon Baba da Memorin Auta

Autan Tsafe
Salamu alaikum jama'a. Yau da Baba nake, a yi mini afuwa.

Baba aje akwatin nan haka,
Zamaninsa ya shuɗe tun jiya,
Ka ja eriya har ta kai rufi,
Ba ka samu komai ba sai hayaniya.

Waƙa dubu na cikin aljihu,
Memori ya haɗiye su baki ɗaya,
In na so in ji, in na ƙi in wuce,
Ban jiran mai gabatarwa ko ɗaya.

Baba Mai Eriya
Wa'alaikumus salam. Auta, ashe ka yi haƙoran cizo.

Yaro tsaya in ba ka labari,
Wanga akwati ya girmi babanka,
Tun ba a san za a haihe ka ba,
Shi ka kawo muna Landan har ɗaka.

Kai da ka taƙama da waƙa dubu,
Wace cikinsu tas san sunanka?
Ni an kira ni cikin Zaɓi Sonka,
Kaduna ta gaishe ni, ina taka?

Sashen Hausa na BBC tun 1957 shi ka magana. Gidan Kaduna 1962, na Jamus 1963, Muryar Amurka 1979. Kai kau memorinka wajen mai caji ka saye shi, an zuba maka abin da anka zuba ma kowa.

Gimbiyar Kaura
Sai Baba! Tsohon hannu ba ya kuskure. Auta, sha ruwa tukuna.

Autan Tsafe
Yaya Gimbiya, ajiye ruwanki.

An gaishe ka Baba, ban musa ba,
Sai da ka sayi kati tukuna,
Ka kai gidan waya ka dawo jira,
Sati uku ba a ambaci ko suna.

Ran da layi ya iso kanka,
Batir ya mace, ka kai shi rana,
Ka ciccije shi da haƙoran gaba,
Kafin ya farfaɗo an ce mu kwana.

Na-Bakin Kasuwa
Kai! Wallahi Auta ya taɓa wuri mai ciwo. Duk wanda bai taɓa cizon batir ba a cikinku ya ɗaga hannu.

Gimbiyar Kaura
Auta, da ganinka ba ka tuƙa tuwo,
Hannu a muciya, hayaƙi na tasowa,
Goyo a baya, wani na jan zane,
Da wane yatsa za ni latsawa?

Nawa na rataye a ƙusar madafi,
Shi ke ta zance, ni ke ta tuƙawa,
Ya ce rigakafi gobe a shiyyarmu,
Ya ce wance ta rasu, a je gaisuwa.

Masuncin Argungu
Daga Kabi nike gaishe ku, Zamfarawa. Na ga kun tsaya kan tudu, bari in kai ku ruwa.

Na ɗauko wani yaro cikin jirgi,
Waya a hannu, yana ta burga,
Munka kai tsakiyar Matan Fada,
Tsulum! Ƙasan ruwa tash shiga.

Nawa akwatin ya sha ruwa ya ƙoshi,
In shanya shi bisa tsohuwar riga,
La'asar na yi in murɗa shi,
Shi yi tari, shi ci gaba, ka ga!

Autan Tsafe
Kawu, ɗangonka na ƙarshe da ƙyar ya kai gaɓa. "Ka ga" ɗin nan ciko ne, kowa ya gani.

Malam Na-Mafara
Tunda Auta ya buɗe zancen ciko, bari a fara da shi. Jiya ban samu dubawa ba sai yanzu. Baitinka na farko ɗango uku gaɓa goma-goma ne, na huɗu ya tafi goma sha biyu. Baiti na biyu kuma ka rufe da "ɗaya", ka sake rufewa da "ɗaya". Maimaita kalmar amsa-amo kusa da kusa aibi ne a wurin masana Aruli, wato ilimin awon waƙa.

Wanda bai auna ɗangonsa ba,
Kar ya leƙa awon maƙwabcinsa,
Mai waƙa dubu cikin aljihu,
Kalma ɗaya ta gagari bakinsa.

Na-Bakin Kasuwa
Allah gafarta Malam, an zo raha ne, ba jarrabawa ba.

Gimbiyar Kaura
Ba don ina bayan Auta ba, amma Malam ƙirga ka yi. Aruli awo ne. Gaɓa biyu marasa nauyi kan zauna gurbin mai nauyi guda, kamar "mini" a mazaunin "sai". Ai ba goro ake sayarwa ba da za a ce goma da goma sha biyu.

Malam Na-Mafara
Ɗiyata, na sani. Na ƙirga ne don in sauƙaƙa wa yaro. A ɗora shi a ma'auni ma ya karye, bai hau kowane bahari ba, wato karin waƙa: ba Mutadarik ba ne, ba Mutaƙarib ba ne, ba Rajaz ba. In kin samo masa bahari ki sanar da ni, in ƙaru.

Masuncin Argungu
Malam, makaɗan Maradun da na Hwaru
Ba su karanci Halilu na Basra ba,
Kotso shi na ma'auninsu,
Ko sau guda ba su ɓata kari ba.

Mu ma na Yawuri da Argungu,
Taushi munka bi, ba littahi ba,
In ƙahwa ta taka, kai ya kaɗa,
Ba a tambayar bahari, ko ba haka ba?

Malam Na-Mafara
Waccan waƙar baka ce, kiɗa ke riƙe ta, 'yan amshi na toshe gurbi. Wannan rubutacciya ce, ba ta da kotso, ba ta da amshi. In ta yi ɗingishi kowa zai gani. Kuma "ko ba haka ba" ciko ne na biyu a kwana ɗaya.

Autan Tsafe
Ni dai na lura duk wanda ya yabi rediyo Malam ba ya auna shi da kyau. Baba ya haɗa "babanka" da "ɗaka" da "taka", an yi shiru.

Malam Na-Mafara
Duka "ka" ne, kuma kalma uku ce daban. Koma ka karanta.

Gimbiyar Kaura
Baitin Baba ko a allo aka rubuta shi ya zauna. Ba a haɗa shi da na 'yan Tsafe.

Na-Bakin Kasuwa
Hajiya, Tsafe ta yi miki me? Mu nan muna bayan Auta, ya karye ko bai karye ba.

Baba Mai Eriya
Na tai gona na dawo na iske kun mai da hira makaranta. Masunci, na gode da ka tuno makaɗanmu. Ka tambayi Auta ina anka samo muryoyin nasu da ad cikin memorinai. Da yawansu gidajen rediyo sunka ɗauka sunka adana, daga hwaihwai zuwa kaset, daga kaset zuwa wayarshi. Amma ba nan za ni tsaya ba.

Auta tuna Satumbar da anka yanke
Sabis na Zamfara, birni da ƙauye,
Wayarka tak koma tocila,
Kana ɗaga ta sama, kana tsaye.

Wa yah hwaɗa muna an ruhe kasuwa,
Da dokar man jarka, ba a ɓoye?
Tsohon da kac ce a aje shi na,
Kullum dare kuna gindinai a kewaye.

Ba a kira, ba a tura saƙo,
Ɗan'uwa na Legas hankali tashe,
Mu kau cikin gida akwatin nan
Shi ka tashe mu, da shi muka wayewar safe.

Malam Na-Mafara
Baba, da girmanka, baiti na uku ya bar "ye" ya koma "she" da "fe", ɗango na ƙarshe kuma ya yi tsawo. Kar Auta ya ce ina son kai.

Baba Mai Eriya
Malam, wanda yat tuna 2021 ba ya tsayawa awo.

Autan Tsafe
Satumbar nan Baba na tuna ta sarai,
Sabis aka ɗauke, shi ɗin kawai,
Memori bai ma san an yi ba,
Waƙata na tashi a sifika sosai.

Gimbiyar Kaura
To waƙar ta gaya maka ko hanyar Gusau tana biyuwa ranar? Ni lokacin ina da mara lafiya a asibiti, ba halin kira, ba halin tura kuɗi. In an idar da magariba maƙwabta har da masu manyan wayoyi tabarmata suke cikawa, saboda ni ke da rediyo mai sola. Ba wanda ya ce a sa masa waƙa.

Autan Tsafe
Allah ya ƙara lafiya Yaya. Amma tunda an koma yabo, mu buɗe cikin akwatin kowa ya gani.

Rabin awa mai maganin basir
Yana ta jero lambobin wayarsa,
Rabin awa sojan baka na zagi,
An biya kuɗi a wanke maigidansa.

Ana cikin waƙa mai daɗi, ɗif,
Janareta ya shanye man cikinsa,
Muryar Amurka da Baba ya lissafa,
Maris 2025 kowa ya kama gabansa.

Na-Bakin Kasuwa
Nan kam zan saki Auta kaɗan. A Oktoban 2022 gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. Abin da ya mutu ba a tura 'yan sanda su garƙame ƙofarsa.

Masuncin Argungu
To ka hwaɗi su wa sunka yi mana, kai da kullum hularsu ta bisa kanka.

Na-Bakin Kasuwa
Kawu, ku na Kabi ku fara share ƙofar gidanku.

Malam Na-Mafara
Ban da siyasa. Wanda ke da baiti ya kawo, wanda ba shi da shi ya saurara.

Autan Tsafe
Ga baiti Malam, ka auna a hankali.

Landan ɗin da Baba ke taƙama,
Ta tattaro kaya ta shigo wayata,
Mai gabatarwa na Facebook kai tsaye,
Saƙon WhatsApp shi yake karantata.

Malam Na-Mafara
"Karantata"? Saƙo namiji ne. Ka karya nahawu don ka tsira da amsa-amo.

Gimbiyar Kaura
Bar shi Malam, ni zan kama shi ta wani wuri.

Auta, ran wasan ƙwallo na gan ka,
Data ta ƙare, ka rasa mafita,
Ka jona iyafis ka kamo FM,
Kana ta tsalle a ƙofar gidan kakata.

Igiyar da ka saƙala a kunne,
Ita ce eriya, in ba ka san ta ba ka san ta,
Cire ta ka gani ko tasha za ta kama,
Kai ma Mai Eriya ne, taka dai gajera ce, ka ɓoye ta.

Masuncin Argungu
Allah shi ƙara basira, ɗiyar Kaura! Yau kam an kama giwan ruwa da hannu.

Na-Bakin Kasuwa
Ɗango biyun ƙarshe sun fi layin dogo na Kaura tsawo, amma Malam ya yi gum.

Malam Na-Mafara
Ina alwala ne. Sun yi tsawo, kuma "san ta" da "ɓoye ta" wakilin suna ɗaya ne aka maimaita. Laifinta da na Auta ɗaya.

Autan Tsafe
Alhamdu lillahi, yau an yi adalci. Yaya, ƙofar gidan kakarki kuwa inuwa na je sha. Baba, ina jiran amsar Muryar Amurka.

Baba Mai Eriya
Wata ta yi shiru, Faransa na nan,
Tun 2007 taka Hausa da mu,
Jamus na nan, Landan na nan,
Ga Pride ga Equity cikin yankinmu.

Takwas da rabi ta kusa, shirin dare za ni saurare. Ku ci gaba, in na ƙare in ba ku labari, tunda ku waƙa kuka ji.

Masuncin Argungu
Baba ya tai. Auta, in kana son ramuwa ka zo Argungu, in ba ka kihi ka ci ƙwaƙwalwa ta buɗe.

Tsahe akwai dutsi, babu gulbi,
Shi ya sa baitinku ya bushe,
Ku zo Kabi ku sha romon kihi,
Ku ga yadda kari ka zuba tun da sahe.

Autan Tsafe
Kawu, kifi in ya kwana wari yake,
Dutsenmu ko shekara dubu bai canza ba,
Ka zo da naka a cikin kwando,
Mu gani ko zai kai Tsafe bai ruɓe ba.

Direban Gummi
Salam, ku yi haƙuri kwana biyu ina hanya ba sabis, yanzu na ga abin da ake. Ni ma ga nawa a kan maganar farko.

Ni a motata rediyo da memori duk akwai,
Fasinja in tsofaffi ne labarai nake sa musu,
In samari ne kuma sai in jona waƙa,
In sun haɗu kuma rigima ake har Anka,
Sai in kashe duka in ce kowa ya yi salati.

Yaya kuka gani? Karo na farko ke nan.

Malam Na-Mafara
Direba, sannu da hanya. Wannan kam ban san ta inda zan fara ba.