Na cire salon haruffa, amma saura ya ƙi fita daga kwamfuta

Mai Shagon Bugu, Zariya:
Assalamu alaikum malamai. Kwamfutar shagon buga katin biki ce, Linux Mint 21 ke kanta. An cire ƙunshin wani salon haruffa da `sudo apt remove` saboda ba ya fitar da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Sai dpkg, shirin da ke sa ƙunshi da cire shi, ya yi gargaɗi cewa foldarsa da ke cikin `/usr/share/fonts/truetype` ba fanko ba ce, don haka bai share ta ba. Na buɗe foldar, ban ga komai ba. Kuma har yanzu sunan salon yana fitowa a manhajar rubutu ta LibreOffice. Me ya rage, kuma me zan goge ba tare da na yi ɓarna ba?

Injiniya Bagalam:
Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai abu a foldar, ɓoyayye ne kawai. Buga `ls -a` a cikinta, galibi za ka tarar da ɗan fayil mai suna `.uuid`.

Ga asalin maganar. Shirin da ke kula da haruffa a Linux shi ne fontconfig. Don kada ya riƙa buɗe kowane fayil na haruffa duk lokacin da aka kunna manhaja, sai ya rubuta taƙaitaccen bayaninsu ya ajiye. Wannan ajiyar ake kira kash. Na kowa da kowa yana `/var/cache/fontconfig`, na mai amfani ɗaya kuma yana `~/.cache/fontconfig`. Sigar 2.13 da ta fito a 2018 ta ƙaro wata ɗabi'a: tana jefa `.uuid` cikin foldar haruffa don ta gane wane kash ne na wannan foldar. Mint 21 a kan Ubuntu 22.04 aka gina shi, kuma 2.13.1 ke ciki. Shi kuwa dpkg abin da ya sauke da hannunsa kawai yake kwashewa. Wannan fayil ba ya cikin lissafinsa, shi ya sa ya bar foldar yadda ya same ta.

Jerin aikin yana da muhimmanci. Fara da `sudo apt purge` da sunan ƙunshin, domin `remove` yana barin fayilolin saiti, kuma wasu ƙunshin haruffa suna ajiye nasu a ƙarƙashin `/etc/fonts`. In ka buga `dpkg -l` ka ga `rc` a farkon layin ƙunshin, saitin yana nan. Daga nan ka tambayi `dpkg -S` da cikakken adireshin foldar. In ya ce babu ƙunshin da ya mallake ta, goge `.uuid` ɗin da `sudo rm`, sannan ka cire foldar da `sudo rmdir`. Na zaɓi `rmdir` da gangan, don in akwai wani abu a ciki ƙi zai yi. Sai ka ƙarasa da `sudo fc-cache -r`, ka sake buga `fc-cache -r` ba tare da sudo ba domin naka kash ɗin.

Don Allah kada `rm -rf`, umarnin da ke goge folda da duk abin da ke cikinta ba tambaya, ya kusanci `/usr/share/fonts`. Tazara ɗaya ta shiga inda bai dace ba, haruffan kwamfutar duka sun tafi, ko menu ba za ka iya karantawa ba.

Malama Mai Ajami:
Injiniya ya gama da foldar, amma a ganina sunan da Alhaji ke gani ba lallai laifin kash ba ne. Fontconfig yana duba lokacin da aka taɓa folda na ƙarshe, in ya canza sai ya yi watsi da tsohon kash. Kuma a Mint, duk sanda apt ya sa ko ya cire haruffa, ana sabunta kash na kowa da kowa kai tsaye.

Alhaji, buga `fc-list | grep -i` da sunan salon. In layi ya fito, adireshin fayil ɗin yana farkonsa. Sau da yawa kwafi na biyu ne da wani ya zubo daga filashi cikin `~/.local/share/fonts` ko tsohuwar `~/.fonts`, wuraren da apt ba ya leƙawa. In babu layin da ya fito, salon ya tafi. Rufe LibreOffice gaba ɗaya ka sake buɗewa, don a lokacin tashi yake karanta jerin. Sannan ka lura da akwatin sunan salo a sama: in sunan ya karkace, takardar ce ke ɗauke da shi, manhajar kuma ta maye gurbinsa da wani. `fc-match` da sunan zai nuna maka wanda fontconfig ke bayarwa a madadinsa. Nan ne layukan katin kan goce, sunan amarya ya sauko layi na biyu, don faɗin haruffan ba ɗaya ba ne. Duba tsofaffin katunan kafin ka sake bugawa.

Don haruffa masu lanƙwasa, sa `fonts-sil-andika` ko `fonts-sil-charis`. Na ajami kuma akwai Harmattan da Alkalami.

Ɗan Gulbi:
Ƙari kaɗan, yaya Injiniya. A foldar kash za a iya ganin fayiloli masu ƙarewa da `cache-7`, `cache-8` ko `cache-9`. Lambar tana bin sigar fontconfig: 7 ta 2.13, 8 ta 2.14, 9 ta 2.15. Bayan an ɗaga tsarin, tsofaffin kan zauna ba mai karanta su. Ƙanana ne, ba su ne ke cika diski ba. Mai son tsafta ya goge abin da ke cikin foldar kash ya sake buga `fc-cache`, za ta ginu. Sai dai manhaja kan ɗan yi nauyin tashi in aka buɗe ta kafin ginin ya ƙare.

Manhajar da aka sauke ta Flatpak (wata hanyar sauke manhaja daban da apt) kuwa nata kash daban ne, yana `~/.var/app`, cikin foldar manhajar, ƙarƙashin `cache/fontconfig`. Cire manhajar ba ya taɓa wannan foldar sai an haɗa da `--delete-data`, wanda zai tafi da saitinta ma.

Mai Shagon Bugu, Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. `fc-list` ya nuna kwafi a `~/.fonts`, kamar yadda Malama ta ce. An goge shi, `rmdir` ya karɓi foldar, kuma Andika ta fitar da ƴ daidai a katin gwaji.