Masaƙar ƙugu: me ya sa ƙofar zare ba ta buɗewa?

Mai Koyo:
Assalamu alaikum. Ina ƙoƙarin haɗa irin masaƙar nan da ake ɗaure bakinta ɗaya a jikin ginshiƙi, ɗayan kuma a ƙugun mai saƙa, wadda aka san masaƙan Guwatemala da Peru da ita. Na tanadi sanduna biyu masu kauri na riƙe zaren tsaye, da akwasha ta buga zare, da ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance, amma duk lokacin da na ɗaga sandar allira, wato sandar da ke ɗauke da madaukan da suke ɗaga rabin zaren tsaye, sai zaruruwan su harɗe, ƙofar da zaren kwance zai bi ta ƙi buɗewa. Ko a ina na kuskure?

Tsohuwar Masaƙiya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ina kyautata zaton tun daga wadari, wato jera zaren tsaye kafin a fara saƙa, matsalar ta faro. Idan za ki yi wadari, ki kafa turaku ki riƙa zagaya su da zare kamar kina rubuta lamba 8, domin zaruruwan su gitta juna a wuri guda. Wannan gicciyen shi ne yake raba zaren gida biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma shi ne yake tsare jerinsu. Kafin ki zare wadarin daga turakun, ki zura igiya ta kowane ɓangare na gicciyen ki ɗaure, domin idan ya ɓace sai kin bi zaren ɗaya bayan ɗaya, aikin da ba na yi wa kowa fatansa.

Bayan haka, sandar raba zare tana zama ne can bayan allira, nesa da jikinki, madaukan allira kuma suna kama zaruruwan da suka bi ta ƙarƙashin wannan sandar kawai. Madaukan su zama tsawonsu ɗaya. Ni a jikin ɗan katako nake naɗa su don kada wani ya fi wani.

Malam Mai Zare:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, sai dai zan ƙara da cewa a wannan masaƙar jikin mutum ne yake ɗame zare ya kuma sassauta shi. Idan za ki ɗaga allira, ki ɗan sunkuya gaba zaren ya saki. Idan za ki buɗe ɗaya ƙofar, ki jingina baya ya ɗame, sannan ki jawo sandar rabawa zuwa kusa da allira. Da ƙofa ta buɗe sai ki zura akwasha ki tayar da ita a kan gefenta ta riƙe miki wurin. Wane irin zare kike amfani da shi? Zaren ulu mai gashi yana manne wa ɗan'uwansa, don haka mai farawa ya fi samun sauƙi da zaren auduga mai santsi da aka murza sosai.

Mai Koyo:
Na gode ƙwarai. Ulu ne kuwa, Malam, kuma a miƙe nake zama ba na motsawa ko kaɗan. Zan sake wadari da auduga, in fara da siririn ɗamara mai faɗin yatsu uku.

Tsohuwar Masaƙiya:
Madalla. Abin da za ki ɗaura a baya kuma ya zama mai faɗi, ya zauna a kan kwatangwalo, domin siririyar igiya a tsakiyar baya za ta tayar da ke tun ba ki saƙa taƙi ɗaya ba.