Kulob na tangal-tangal: a riƙe manyan 'yan wasa masu albashi mai tsoka ko a sallame su?

Ma'ajin Kulob: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da asusun wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke buga gasar rukuni na ƙasa. Bana da ƙyar muka sha, sai a wasan ƙarshe muka tsira daga faɗuwa. Mutum huɗu ne a cikin 'yan wasanmu ke kwashe kusan rabin abin da muke biya a wata, kuma dukkansu sun haura shekara 33. Su suka hauro da mu wannan rukunin, amma yanzu ɗaya kullum yana jinyar gwiwa, biyu ba sa iya cika minti 90. Kwamiti ya rabu gida biyu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, a fili ko a ofis ko a kujerar 'yan kallo, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam Malam. Tun ina yaro nake bin babana filin Sani Abacha. Na ga Kano Pillars ta fitar da Al Ahly a gasar zakarun Afirka a 2009, na ga kofunan 2012 da 2013 da 2014 a jere. Sannan na ga 2022, shekarar da muka faɗi daga babbar gasa. A majalisarmu ba irin maganar da ba a yi ba, wasu na cewa a share tsofaffi duka a sake sabon zubi. Amma Rabi'u Ali, wanda muke kira Pele, bai tafi ko'ina ba duk da ya haura 40, kuma a 2023 aka dawo tare da shi. Abin da na lura da shi daga inda nake zama shi ne, idan wasa ya rikice yara suka fara harba ƙwallo sama ba lissafi, shi ne zai karɓe ta, ya taka, ya ba kowa damar numfasawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ban ce ku riƙe duka huɗun ba, amma ku duba wanene Pelenku a cikinsu.

Mai Gidan Kallo: Ɗan uwa, irin Pele ai ba kowace ƙungiya ke da shi ba. Shekara da shekaru ina nuna gasar Ingila, kuma ban manta da ƙungiyar Queens Park Rangers (QPR) ta kakar 2012 zuwa 2013 ba. Sun kwaso Julio Cesar daga Inter Milan, Park Ji-sung daga Manchester United, Bosingwa daga Chelsea, duk mutanen da suka taɓa ɗaga kofin zakarun Turai. A ƙarshen teburi suka ƙare, suka faɗi, albashin kuma yana wuyansu. Ko ita Barcelona, nauyin albashi da bashi ne ya sa ta kasa sabunta wa Messi kwantiragi a 2021. Ranar da ya yi kuka a taron manema labarai, shagona cike yake amma shiru kamar gidan makoki. Idan har Barcelona za ta durƙusa a kan albashi, ina ga ƙaramar ƙungiya?

Tsohon Lamba Biyar: Ku bar ni in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin ni aka taɓa sallama. Na yi wa wata ƙungiya wasa kaka tara, ni ne kyaftin a ukun ƙarshe. Shekarar da muka yi ta shan kashi, aka ce mu manya mu ne matsalar. Ba wanda ya kira ni ya zaunar da ni. Na je atisaye da safe kawai na tarar an liƙa sunayen waɗanda aka riƙe a jikin bango, na karanta sau uku ban ga nawa ba. A lokacin ina bin su albashin wata biyar, ga matata da tsohon ciki.

Wallahi da sun ce min, "Kyaftin, kuɗi sun yi ƙaranci, za mu rage maka rabi, ka riƙa shigowa bayan hutun rabin lokaci, ka kuma taya koci kula da masu tsaron baya," da na amsa nan take. Na fi kowa sanin ƙafata ta yi nauyi. Ɗan ƙwallo yana gane ranar da yaro ya wuce shi da gudu ya kasa juyowa. Abin da ya fi yi min ciwo, yaran da aka bari sun ga yadda aka yi da ni. Biyu daga cikin mafi hazaƙarsu suka ƙi sabunta kwantiragi, ɗaya ya ce min, "Yaya, idan kai aka yi wa haka, ni me zan jira?" Malam Ma'aji, ko me za ku yanke, ku fara biyan mutanen nan haƙƙinsu, sannan ku faɗa musu baki da baki.

Kocin Yara: Allah ya saka maka da alheri, Kyaftin. Ni kuma na taɓa rasa yaro ɗan shekara 18 da na raina tun yana buga ƙwallon tsumma, saboda ƙungiyar da na kai shi ta ajiye shi a benci kaka guda cur. Wanda ke lambarsa babba ne mai ɗaukar albashi mai yawa, shugabanni suka ce ba za su biya mutum wannan kuɗin yana zaune ba. Nan ne illar take: albashin ne ke fitar da jerin 'yan wasa, ba koci ba. Yaron ya gaji ya koma tuƙa Adaidaita. Ahmed Musa bai kai 18 ba lokacin da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Da an ce ya jira manya su gama, wa zai san shi?

Mai Gidan Kallo: Gaskiya ne Koci, sai dai in ƙara da abin da ya saɓa wa maganata ta farko. A Disambar 2019 Atalanta ta ɗura wa AC Milan 5 da nema, sai Milan suka dawo da Ibrahimovic yana da shekara 38 cikin tarin yara, a 2022 suka ɗauki kofin Serie A, babbar gasar Italiya. Amma gajeren kwantiragi suka fara ba shi, na 'yan watanni, sai da ya nuna amfaninsa aka ƙara.

Ma'ajin Kulob: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kyaftin, maganarka ta hana ni barci jiya, domin mu ma 'yan wasanmu suna bin mu albashin wata biyu. Zan kai wa kwamiti shawarar a fara biyan wannan, sannan mu zauna da kowannensu shi kaɗai. A cikin huɗun, mai tsaron ragarmu nake son a riƙe a kan kwantiragin shekara ɗaya, mai ciwon gwiwar kuma a yi masa tayin taya koci aiki.

Tsohon Lamba Biyar: Idan za ku zauna da mai ciwon gwiwar, kada ku kira shi ofis. Ku same shi a gida bayan la'asar, kuma ku tafi da koci.