Think tank ɗin nan, me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a ku zo mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan think tank, kowa sai fassara ta yake yadda ya ga dama, wani ma na ga ya rubuta "tankin tunani", haba don Allah, wa zai gane wannan a rediyo?

Mu fara duba aikinsu tukuna. Chatham House ta Landan, wadda aka kafa a 1920, inda Buhari ya yi jawabi a 2015, Tinubu ma ya je a 2022, ita ce aka fi sani. A gida akwai NIPSS ta Kuru kusa da Jos, mai nazarin tsare-tsaren ƙasa tun 1979, akwai CDD mai bin diddigin zaɓe, akwai NESG ta ɓangaren tattalin arziki. Masana ne ake biya su zauna su tattara alƙaluma, su rubuta takarda gajeriya su kai wa 'yan majalisa ko minista su ce ga inda dokar zaɓe ta yi rauni, ga yadda cire tallafin mai zai taɓa talaka, ga gyaran da muke gani.

Wasu sun ce "kwamitin masana". Ban yarda ba gaskiya, kwamiti ai yana miƙa rahoto ya watse, kamar na Mai Shari'a Uwais da 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 kan gyaran zaɓe, ya miƙa nasa a 2008 shi ke nan. Su kuwa waɗannan suna nan daram, gwamnati ta zo ta wuce suna kan aikinsu.

"Zauren masana" ya yi min daɗi a baki, amma zaure wurin hira ne da muhawara, bai nuna akwai ma'aikata da kasafi ba. "Cibiyar bincike" kuma ta yi faɗi da yawa, har IAR ta Samaru mai binciken iri ta shiga ciki.

Ni dai "cibiyar nazarin manufofi" na zaɓa, jam'i "cibiyoyin nazarin manufofi", don manufofin gwamnati su ne abin da suke son juyawa. In ta yi tsawo a kanun labari a ce "cibiyar manufofi".

'Yan uwa na Nijar, ya kuke cewa a Maraɗi da Damagaram? Malamanmu na sashen Hausa kuma, Allah ya ƙara ilimi, muna jiran gyaranku.