Neman kalma: injin da ake ɗaura wa jirgin ruwa a baya, me za mu kira shi?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo mini aikin fassarar wani ɗan jagora na masu son sayen ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe marar nauyi, irin wanda ake ɗaura wa inji a baya. Turawa na ce wa injin awutbod, wato na wajen jirgi, don su bambanta shi da wanda ake girkewa a ciki. Na rubuta "injin waje", da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar ina tallar kayan ƙetare. Duk wanda ya ji zai ɗauka wanda aka shigo da shi daga ƙasar waje ake nufi, alhali dukkansu daga can suke zuwa. Sai kuma ƙarfen jikin jirgin: in sa alminiyam ne, ko dalma, ko sanholo? Ina neman masu ruwa da tsaki, musamman masu ruwan.

Basarke daga Yawuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a je ga inji, don Allah ka goge dalmar nan. Na san mata na cewa tukunyar dalma, kuma kowa ya gane abin da suke nufi. Amma mu a bakin ruwa dalma ita ce wadda muke ɗaura wa bakin birgi don ya nutse da sauri ya rufe kifi kafin ya tsere. Ka ce wa masunci ga jirgin dalma ya shiga, ai sai ya ce ka fara shiga ya gani. Inji kuwa, inji kawai muke cewa. In an matsa a ce Yamaha, ko da ba shi ba ne.

Malamar Hausa, Zariya:
Baba ya yi gaskiya, kuma awo ma ya goyi bayansa. In aka yanko dalma da alminiyam masu girma ɗaya, dalmar ta ninka shi nauyi sau huɗu da ɗoriya. Shi kuwa alminiyam kusan sulusin nauyin baƙin ƙarfe gare shi, wanda shi ne dalilin da ya sa ake ƙera jirgi da shi tun farko. Sanholo da goran ruwa duk suna cikin ƙamus a matsayin sunayen alminiyam, ni ma ina son daɗinsu a baki, amma ka tsayar da matasa goma a Sabon Gari ka tambaye su, za ka sha kallo. Ka bar alminiyam ɗinka. Mai kafa tagogi da mai sayar da kwanon rufi sun riga sun zaunar da kalmar.

Mazaunin Minesota:
Bari in ɗan kwatanta muku abin da ake magana a kai, don nan ne gidansa. Jihar nan ta Amurka tafkuna ne ko'ina, kuma a nan aka kafa kamfanonin ƙera jiragen ruwan alminiyam na Alumacraft a 1946 da Lund a 1948. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne sana'ar ta bunƙasa, lokacin da masu ƙera jiragen yaƙi na sama suka rasa inda za su kai gwanintarsu ta alminiyam, har kamfanin Grumman ma ya shiga yin kwale-kwale.

Ƙananan da ake yawan saye tsawonsu ƙafa 12 zuwa 16 ne, kuma zaɓin kusan kullum tsakanin iri biyu yake. Akwai mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da faffaɗan goshi. Shi ko ruwa iya ƙauri ne zai wuce, kana iya miƙewa tsaye a cikinsa ka jefa ƙugiya bai karkata ba, ga araha. Amma iska na tasowa ruwa ya fara tsalle, zai dinga dukan ruwan da cikinsa, fam, fam, har ka ji a haƙoranka, kuma ruwan na fallatso maka. Ɗayan ƙasansa a tsuke yake, yana da tsini daga goshi. Wannan yanka igiyar ruwa yake yi, ya fi kwanciyar hankali a babban tafki, sai dai yana son ruwa mai ɗan zurfi, kuma in yana tsaye cik ka taka gefe ɗaya zai bi ka. Sai batun haɗi: wani ƙusar ribit ake bi da shi, wani walda. Na ribit ya fi sauƙin nauyi, amma in ya tsufa ƙusoshin kan saki ya riƙa tsattsafo. Na walda farantinsa ya fi kauri, kuɗinsa ma haka.

Ni dai don fadama da ƙananan rafuka na farkon zan ɗauka. Don wuri kamar tafkin Kainji kuwa, inda iska ke da filin gudu, ko kyauta aka ba ni shi ba zan tsallaka da iyalina a ciki ba.

Mai Fassara:
Madalla. To na samu biyu a ɓagas: "mai shimfiɗaɗɗen ƙasa" da "mai tsinin ƙasa". Saura injin.

Malamar Hausa, Zariya:
Me zai hana "injin maƙale"? Ai maƙala shi ake yi a jikin jirgin.

Makaniken inji, Lakwaja:
Malama, da girmanki, wannan ba zai yiwu a garejina ba. In mutum ya zo ya ce mini injinsa ya maƙale, na san fistin ya kama ke nan, ya manta bai zuba baƙin mai a cikin fetur ba. Wa zai sayi inji mai wannan suna?

Ga yadda abin yake a hannu. Bayan jirgin akwai allo a tsaye. Injin yana da baki kamar na matsi, sai ka ɗora shi a kan allon ya hau, ka murɗa ƙusoshi biyu masu hannu har su cije. Kansa na sama, ƙafarsa ta sauka cikin ruwa, farfela na can ƙarshenta. Da yamma ka kwance, ka saɓa a kafaɗa ka kai gida saboda ɓarayi, in ƙarami ne kamar mai lamba 15, wato mai ƙarfin doki 15. Mai lamba 40 sai an kama maka.

Kuma Oga mai fassara, akwai wurin da nake roƙon kada ka yi kuskure, don nan mutane ke asarar kuɗi. Ƙafar inji iri-iri ce. Gajeriya ta allo mai tsayin inci 15 ce, doguwa ta mai inci 20. Ka sa gajeriya a dogon allo, farfela za ta riƙa kamo iska tana ihu a banza, famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji ya rasa ruwa, injin ya ƙone. Ka sa doguwa a gajeren allo, ƙafar ta yi ta jan ruwa tana cin mai, ta kuma doki duk dutsen da ke ƙasa. A auna allon kafin a je kasuwa.

Mazaunin Minesota:
Maganar kwancewar nan ta tuna mini. Ole Evinrude, wanda ya ƙera nasa a birnin Milwoki na Amurka a 1909 har ya karɓu a kasuwa, da sunan injin kwale-kwale da ake iya cirewa ya riƙa tallarsa. Ke nan su kansu Turawan ba duka ne suka fara da "waje" ba.

Ɗan Gaya, Nijar:
Faransawa ma "wajen jirgi" suka ce, amma ban taɓa jin wani a bakin kogi ya wahalar da kansa da ita ba. Ni ga tawa: injin goyo. A baya yake, ɗaure shi ake yi, a sauke shi in an isa gida.

Basarke daga Yawuri:
Goyon da shi ke tura uwar? Allah ya shirye ka.

Malamar Hausa, Zariya:
Baba, a yi haƙuri, na janye maƙalena na koma bayan ɗan Gaya. Goyo ya daɗe da fita daga zanen mata, tunda ana goyo a keke ana yi a babur, kuma ba wanda ya ce sai an haifi mutum za a goya shi. Na gwada sauran a raina. "Rataye" na nuna abu yana lilo, wannan kuwa a cije yake. "Ɗaure" na kai hankali gidan yari. "Saƙale" ta fi su kusa da yadda makanike ya kwatanta, amma ba ta da abokiyar tafiya. Goyo kuwa yana da ita, domin wanda ake girkewa a cikin jirgi dole "injin ciki" za a ce masa. Ciki da goyo: Bahaushe ya riga ya saba jin su tare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma jam'insa bai da wuya, injunan goyo.

Mai Fassara:
Ni ma ya kwanta mini. Ga yadda na sa jimlar farko, a duba: "Kafin ka sayi ƙaramin jirgin alminiyam mai injin goyo, wato injin da ake saƙalawa a allon baya, fara sanin irin ruwan da za ka riƙa shiga." Daga nan sai in ci gaba da "injin goyo" kawai. Na zaɓi jirgi a kan kwale-kwale saboda kwale-kwale na kawo hoton dogon abu siriri na itace, wannan kuwa gajere ne mai faɗi.

Basarke daga Yawuri:
A takarda ya yi. A bakin ruwa dai inji za mu ci gaba da cewa, kada ka ji haushi. Abin da na fi so ka fassara da kyau shi ne wurin da aka faɗi yawan mutanen da jirgi zai ɗauka. Mu da muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021 mun san lodi ya fi iska kisa.

Mazaunin Minesota:
Akwai shi, Baba. A nan doka ce, jirgi mai inji da bai kai ƙafa 20 ba sai an manna masa ɗan faranti kusa da mazaunin matuƙi, an rubuta yawan mutane, da iyakar nauyin kaya, da ƙarfin injin da ba za a wuce ba.

Makaniken inji, Lakwaja:
To a wurin ƙarfin injin nan, Oga, in ka rubuta "ƙarfin doki 15" ka ƙara da "wato mai lamba 15". Lambar da ke jikin murfi ita masu saye suka sani, da ita suke zuwa shago.