Za mu tashi daga Yamai zuwa Tawa: yaya zan ɗaure kayan ɗakina su isa lafiya?

Uwargida daga Talaje: Assalamu alaikum ƴan uwa. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Tawa. Malamin makaranta ne, kuma so ake mu isa kafin a koma karatu a Oktoba. Tun da aka kawo ni ɗakin nan ban taɓa tashi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanukan jere da farantan tangaran da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta tara mini tun ina budurwa. Ga kuma firiji da talabijin da kabad mai madubi, ga keken ɗinkin da nake rufa wa kaina asiri da shi. Maigida ya ce babbar mota guda zai ɗauka ta kwashe komai, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah waɗanda suka saba ku taimake ni.

Hajiya mai kwanuka a kasuwar Wadata: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Kayan fashewa sana'ata ce, daga nesa ake kawo mana su kuma su iso lafiya. Abin da ke fasa tangaran shi ne motsin da yake yi a cikin kwali, nisan hanya bai da laifi. Ki je kasuwar Katako ki zaɓi kwalaye ƙanana masu kauri. Kada ki yi kwaɗayin manya, don babban kwali in ya cika da faranti gindinsa ɓallewa yake yi a hannun mai ɗauka. Ki liƙe gindin sosai, ki shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa. Kowane faranti ki naɗe shi shi kaɗai, sannan ki jera su a tsaye, gefe da gefe. In kika kwantar da su ɗaya bisa ɗaya, duk ramin da mota ta faɗa na ƙasa ne zai sha nauyin ƴan uwansa. Kofuna ki cusa musu tsumma a ciki ki kife su. Duk gibin da ya rage ki toshe da ɗankwali ko kayan yara, ki rufe, ki ɗaga ki girgiza kusa da kunnenki. Kin ji ƙara? Buɗe ki ƙara tsumma. Kwanukan jere ba sa fashewa, amma fentinsu yana ɓarewa, kuma inda ya ɓare nan tsatsa ke kamawa. Ki sa ƙyalle tsakanin kowane biyu, murafe ki ɗaure su daban.

Wani ɗalibi daga Harobanda: Anti, tsofaffin jaridu ma suna yi, kuma ba su da tsada.

Hajiya mai kwanuka: Suna yi ɗana, wajen cike gibi. Amma kada jarida ta taɓa jikin farin tangaran, da zafin nan tawadarta kamawa take yi. Zannuwan antin taka ai dole su tafi Tawa, gara su yi aiki a hanya.

Mai gyaran firiji daga Bukoki: Yaya, ki cire firijin daga wuta kwana ɗaya kafin tafiya, ƙanƙara ta narke, ki goge cikin ya bushe, ki fitar da gilasan ciki ki naɗe su daban, ki ɗaure ƙofar. A mota a tsaye za a sa shi. A cikin injinsa akwai mai, in an kwantar da shi man yana gangarawa cikin bututun sanyi, wanda ya jona shi a haka yana iya ƙona injin. Ko a tsaye ya je, ki bar shi ya huta wasu awoyi kafin a jona. In dole ta sa aka kwantar, sai ya kwana ya yini a tsaye. Talabijin ma a tsaye, fuskarta a rufe da bargo, kada a jingina mata komai.

Tsohon direba, Ba'adare: Ɗiyata, barka da zuwa Adar tun kan ki iso. Na tsufa bisa hanyar ga. Wajen kilomita 550 ce: Doso, Dogondutsi, Birnin Konni, a Tsarnawa a karkata arewa, a bi Badagishiri. Ɗaurin da Hajiya ta koya miki daidai ne, amma da yawa kayan da sunka lalace a hannunmu wurin lodi anka kashe su. Ki ce ma maigidanki ya tsaya da ƙahwarshi har a ɗaure igiyar ƙarshe, kada ya bar ma yaran mota su kaɗai, su sauri suke yi. Firiji da kwalayen tangaran su zauna can gaba, jikin kan mota. Wutsiyar mota, bayan tayun baya, ita ta fi tsalle, can sai buhunan gero da tabarmi da kujerun roba. Kabad a kwance shi in yana kwantuwa, madubin a tsai da shi tsakanin katihu biyu. Kusoshin gado a leda guda, a ɗaure su jikin gadon. Keken ɗinki ki cire kan, ki naɗe shi da bargo, teburin ya tahi daban.

Abu biyu kuma. Ku tambayi direba tun wurin ciniki ko zai ƙara kayan wani bisa naku, don in ya tsaya ɗaukar buhuna a hanya bisa kwalayenki za su hau. Sannan ku sa a buɗe tamhwal ɗin a ɗaga shi ga rana ku duba huji, Satumba ruwa bai gama ɗaukewa ba. Ku tashi bayan asuba, kuma in kun kai Doso a sake jan igiyoyi, lokacin kaya sun zauna sun yi sako-sako.

Maman ƴan biyu daga Yantala: Ƴar uwa, takardun haihuwar yara, katin rigakafi, takardun aikin maigida, zinarinki da kuɗi, waɗannan a jakar hannunki za su tafi, ba sa shiga babbar mota ko kusa. Kwalaben humra ki sa leda a bakinsu kafin ki murɗa murfi, kuma nesa da kayan abinci. Ki rubuta lamba a jikin kowane kwali, ki riƙe lissafin a takarda, a ƙirga wurin lodi a ƙirga wurin saukewa. Ki ware buhu ɗaya na daren farko: gidan sauro, tocila, buta, tukunya ɗaya, kayan shayi. Da yara a hannu ba za ki iya neman gidan sauro cikin tulin kaya da duhu ba.

Uwargida daga Talaje: Allah ya saka muku da alheri, wallahi na samu natsuwa. Baba direba, saura tukunyar gas da randata.

Tsohon direba, Ba'adare: Gas ki dafa da shi har ya kusa ƙarewa, ki cire kan da tiyo, ki rufe bakin gam. A tsaye zai tahi, ɗaure jikin ƙarhen mota inda iska ke shiga, kada a binne shi cikin katihu. Randa kuwa ki bar ma maƙwabciya, ɗiyata. Ba ta jure hanyar ga, kuma ran Lahadi kina shiga kasuwar Tawa za ki samu wata.