Taƙaitawa: Takun Ƙafa Kafin Sakin Ƙwallo a Wasan Bolin

Ga abin da na tattaro daga ra'ayoyin da aka bayar kan yadda ake takawa kafin sakin ƙwallo a bolin, wato wasan mirgina ƙwallo mai nauyi don kayar da sandunan da aka jera:

1. An yi ittifaƙi cewa a salon taku huɗu, mai jifa da dama da ƙafar dama yake farawa, yana tura ƙwallo gaba tare da takun farko.
2. Takun ƙarshe zamewa ce da ƙafar hagu. Ka taka layin da ba a ƙetarewa wajen jifa, jifar ta tashi a banza.
3. Kan salon taku biyar, mai ƙarin ɗan taku a farko, aka rabu. Wasu sun ce ɗan takun farkon yana daidaita jiki, wasu sun ce ruɗa sabon shiga kawai yake yi. Ni dai ina bayan na biyun.
4. A bar nauyin ƙwallo ya ja hannu, kar a tilasta.
5. Wurin tsayawa: taku huɗu da rabi daga layi.